Ranar da Hinde Ta Ari Kafet

Ku samarin nan da kuka cika Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni kuna kiran kanku ejan, na ji abin da kuke faɗa a kaina. Wai Inna Lami ta tsufa. Wai dillancin ɗakin haya ba wani abu ba ne, ka ɗauki hoton ɗaki a waya, ka watsa, a kira ka, ka karɓi la'ada ka wuce. To madalla. Ni ban iya watsa komai ba sai tsaba ga kaji. Amma tun kafin a haifi yawancinku nake saka mutane a ɗaki a unguwar nan, kuma ba yawo nake yi ba. Ina zaune a tsakar gidana ina sayar da kuka da daddawa, labarin ɗaki ke zuwa ya same ni. Mace ta shigo sayen kayan miya ta ce, "Inna, matar direban nan ta gidan mai rijiya fa ta fara wanke tukwanenta tana jerawa a kwali." Shi ke nan. Na san ɗaki zai tashi kafin mai gidan ya sani.

A wurin Gwaggo Asabe na koyi sana'ar, yayar mahaifina, Allah ya jiƙanta. Lokacin da aure ya kawo ni Kano ita na tarar tana yi. Dillalai maza suna da yawa a lokacin, amma iyakarsu soro, don gidan matan aure ba a shiga. Ita kuwa tana kutsawa har ƙurya, ta ga abin da namiji ba zai taɓa gani ba. Ɗakin farko da ta kai ni yana bayan kasuwar Tarauni, an shafe shi da shuɗin fenti, sai ƙyalli yake yi. Ta ce, "Lami, me kika gani?" Na ce na ga ɗaki mai kyau. Ta kama hannuna ta ɗora a gindin bango. Sanyi ƙalau, kamar randa. Ta ce, "Mai gidan nan bai yi fenti don yana son ɗan haya ba. Danshi ya rufe. Damina na faɗuwa katifar mutum za ta fara tsirar da naman kaza." Daga nan ta ja ni banɗaki. Ta ce kullum in fara da nan kafin ɗaki, in duba bakin masai ko ya kusa cika, in bi kwata da ido in ga inda ruwan wanka yake tafiya, in ƙirga igiyoyin shanya in san yawan matan gidan. Ta ce in tsaya shiru a tsakar gida in saurara. Gidan da ake zaman lafiya da gidan da aka yi faɗa da safe, shirunsu ba iri ɗaya ba ne.

Na daɗe ina bin ta ina riƙe mata takalmi a ƙofofin mutane kafin ta bar ni in nuna ɗaki ni kaɗai. Kayan aikin da ta bar mini har yau su nake amfani da su. Tocila, don haska silin a ga tabon yoyo. Tarin makullai a bakin zani. Da wata igiya mai ƙulli-ƙulli, ƙulli ɗaya tsawon gado, ɗaya faɗinsa, ɗaya tsayin sif. Kuna dariyar igiyar nan, na sani. To ku tambayi ɗan'uwanku da ya ba wani ango ɗaki a Unguwa Uku ta hoto. A waya ɗakin kamar filin ƙwallo. Ranar jere dangin amarya suka zo da gado, gado ya ce shi bai san zancen ba. Aka juya shi ta kai, aka juya ta ƙafa, aka cire ƙyaure. Ƙarshenta sai da aka kira kafinta ya yanke kan gadon, gwaggon amarya tana tsaye tana tsine wa duk wanda ke da hannu a cikin ɗakin, har da wanda ya ƙera wayar. Da ni ce, igiya zan shimfiɗa in ce wa ango, "Ɗan nan, nemi wani."

Sai kuma sanin mutane, wanda ba a ɗaure shi a bakin zani. Masu zuwa wurina yawanci baƙin birni ne: direbobi, 'yan adaidaita sahu, leburori, masu gadi. Ma'aikata kuwa sai sun rasa yadda za su yi suke tuna hanyar gidana. Kowane mai gida da tasa ƙa'idar. Wannan ba ya son gwauro. Wancan ba ya son mai yara da yawa, alhali nasa sun cika layi. Wata Hajiya ba ta son mai suyar awara, wai hayaƙi yana ɓata mata bango. Aikinka ka san wa za ka kai wa wa. In ka saka mai faɗa kusa da mai faɗa, ba la'ada ka ci ba, shari'a ka saya, don duk ranar da aka kwashi 'yan kallo ƙofarka za a zo.

Sale ɗan adaidaita sahu yana cikin waɗanda na saka da hannuna ban taɓa nadama ba. Daga wajen Sumaila ya zo da matarsa Hinde da yara ƙanana. Na ba su ɗaki ƙwaya ɗaya a wani gidan haya a layinmu, ƙarshen tsakar gida, kusa da rijiya. Ɗakin ba shi da danshi, silin ɗinsa lafiya, sai dai daɓen ya farfashe. Babur ɗin da yake tuƙawa ba nasa ba ne, na wani ne. Hinde kuwa irin matan nan ne da ba ka jin muryarsu sai a gaisuwa. Tana kitso, tana wankau, ɗakinta ba komai a ciki amma kullum a share yake tas. Suka zauna shekaru ba wanda ya taɓa kawo mini ƙararsu.

Sai shekarar nan da man fetur ya tashi, komai ya bi shi. Ban taɓa ganin shekara irinta a sana'ar nan ba. Masu gida suka ƙara haya kamar sun haɗa baki a masallaci. Mutanen da na sani da ciki da falo suka dawo neman ƙwaya ɗaya, masu ƙwaya ɗaya suka fara tambayata ko na san mai shagon da ba ya amfani da shi. Sale ya wuni a titi, mai ya cinye rabi, mai babur ya karɓi nasa, abin da ya rage bai kai tukunya ba balle ya kai mai gida. Lokacin hayarsa ya cika, mai gidan ya ba shi notis.

A cikin wannan hali aka faɗa a rediyo cewa wani ofishi na gwamnati zai tallafa wa masu ƙaramin ƙarfi da wani kaso na kuɗin haya, a biya kai tsaye hannun mai gida. Sharaɗin shi ne ma'aikata za su zo su ga ɗakin mutum da idonsu, su ɗauki hoto, don a tabbatar mabuƙaci ne.

Bencin majalisar layinmu a jikin katangata yake, don haka duk abin da maza suka faɗa bayan la'asar ina ji ina tsintar shinkafa. Shugaban bencin Alhaji Garba ne, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya, gidansa na jikin gidan hayar su Sale.

Ya ce, "Wannan ai koya wa mutane lalaci ne. Yau ka biya wa mutum haya, gobe ya ce ka saya masa katifa. Wa ya ce su baro ƙauyensu? Can ai ba a biyan haya."

Telan layinmu ya ce, "Wallahi Alhaji. Kuma irinsu kana ba su, sai ka ga sabuwar waya."

Wani ya ce shi bai ma damu ba, don ya san ba za ta iso layin nan ba, a sama za a rabe. Mai wanki da guga, wanda ni na saka shi a ɗaki kuma na san yadda yake laɓewa in ya hango mai gidansa, shi ya fi kowa ɗaga murya. Ya ce, "Ni dai Allah ya tsare ni da cin kuɗin bara!"

Shi Alhaji Garban nan, tun daga ranar da ya kama aiki har ya ajiye, a gidan gwamnati ya zauna. Ko ƙofa ce ta karye, takarda yake rubutawa a zo a gyara. Da zai tafi aka sayar masa da gidan a farashin da ko shago ba zai saya ba, ya sayar ya zo nan ya gina. Wata rana wani ya ɗan taɓo masa maganar cikin raha, ya ce, "A'a, wannan daban. Wannan haƙƙi ne." To kun ji. In gwamnati ta rufa wa mai babbar riga asiri, haƙƙi ne. In ta leƙa ɗakin ɗan adaidaita, bara ce.

Masu gida kuwa kashi biyu suka rabu. Wasu suna jin labari suka sake ƙara haya, tunda ai gwamnati ce za ta biya. Wasu suka aiko mini cewa kar in kuskura in kawo musu wanda ke cikin tallafin, wai gwamnati za ta biya bana, baɗi ta manta, in sun zo korar mutum a ce sun taɓa ɗan gwamnati. Mata ba a bar su a baya ba. A gidan suna na fara jin sunan da aka laƙaba wa masu nema: 'yan a-biya-mana. Kafin mako ya zagayo yara suna waƙarsa a layi. Kuma masu yin dariyar nan, rabinsu na san abin da ke ƙarƙashin gadonsu, don ni na auna ɗakin.

Sale ya zo wurina wata rana bayan azahar, ya tsuguna a soro, yana juya makullin babur a hannu. Ya ce ko na san wani ɗaki mai sauƙi. Na ce babu, amma ya je wurin mai unguwa ya ba da sunansa.

Ya ce, "Inna, ni fa ba nakasasshe ba ne."

Na ce, "Na ce maka nakasasshe? Notis ɗin da aka ba ka, ya tambayi ko kana da ƙafa?"

Ya ce, "Kin ji abin da suke faɗa a benci. Kullum ta gabansu nake wucewa."

Na ce, "Na ji, har na fi ka ji, a jikin bangona suke. A cikinsu wa ya ce ka kawo yaranka soronsa in an fitar da kai? Man da kake sha kullum, da takardun da ake yankar maka a titi, aljihun wa suke shiga? In yau sun ce za su mayar maka da kaɗan, kai ne za ka ji kunya?"

Ya tashi ya tafi gidan mai unguwa. Da ya dawo na ja masa kunne. Na ce ranar da za su zo, su bar ɗakin yadda Allah ya gan shi. Kar a ƙara ko tsinke. Ya ce to, kuma na san ya faɗa wa Hinde.

Ranar da aka ce ma'aikatan za su zo, gwiwata ta tashi, sai da hantsi na lallaɓa na isa gidan. Tun daga soro na ji ƙamshin turaren wuta. Matan gidan sun yi cincirindo a ƙofar Hinde. Na ratsa su na leƙa, na ce ko ɓatan ɗaki na yi.

Jan kafet mai furanni ya rufe daɓen nan da ya farfashe, bango zuwa bango. Kujerun kushin biyu, manya, har ƙyaure ba ya buɗuwa sosai. Labule mai leshi a taga. Talabijin a kan tebur an lulluɓe shi da ɗan kyalle, a gidan da aka yanke wa wuta tun kafin azumi. Fanka mai tsayuwa a kusurwa. Yara an yi musu wanka an shafe su da mai, suna zaune a jere kamar ranar Sallah. Hinde cikin leshin da ya yi mata yawa a kafaɗa. Ga faranti a tsakiya, lemon kwalba da cincin.

Daga baya na ji yadda aka yi. Hajiya Binta, matar Alhaji Garba, ita ta shigo kitso ana gobe za a zo. Ta dubi tabarmar Hinde da katifar da ta lotse, ta ce, "'Yar nan, yanzu a nan za ki sauki baƙi? Har da hoto? Hoton nan kin san inda zai tsaya? Gobe ki gan shi a waya, danginki na Sumaila su ga a kan me kike kwana a birni." Da safe Sale na fita aiki, Hajiya ta sa aka yi ta jido kaya daga falonta. Sauran matan gidan kowa ta kawo nata, wannan labule, waccan faranti.

Ku da kuka tashi a nan kun san wannan ba sabon abu ba ne. In surukai za su zo, ana aron kujera. In za a yi suna, ana aron kafet da kwanuka. Ni kaina ban san sau nawa kulolina suka yi baƙunci a ɗakin wasu ba. Ba wanda ke kiran wannan ƙarya, sutura muke ce masa, kuma maƙwabciyar da ta hana ita ake zagi. Hajiya Binta ba mugunta ta yi ba. Abin da ya fi ba ni haushi ke nan. Ita a ranta taimako ta yi, irin wanda ta yarda da shi.

Ma'aikatan biyu ne. Wata mata mai gilashi, ta ɗan manyanta, tana zaune a kan kushin ɗin, da wani matashi riƙe da waya. Sale ya dawo daga titi ya tarar da abin da na tarar, yana tsaye a bakin rijiya kamar an dasa shi. Matar ta dubi talabijin, ta dubi inda ya kamata a ce an jona shi, ta dubi kaushin ƙafar yaran. Na ga ta gane.

Ta ce, "Malama Hinde, kayan nan naki ne?"

Na ce, "Ranki ya daɗe, bari in yi miki bayani."

Hinde ta damƙi bakin zanina ta baya, ta riƙe gam. Kanta a ƙasa ta ce, "Nawa ne."

Matar ta sassauta murya. Ta ce, "Ki yi tunani, ƙanwata. In na maƙwabta ne ba laifi ba ne. Ni ma a gidan haya na tashi."

Sai Hajiya Binta ta amsa daga bakin ƙofa, da fara'arta, "Ai kayan aurenta ne, Hajiya. Yarinyar nan 'yar mutunci ce, ba irin waɗanda kuka saba gani ba."

Matan gidan suka ce ƙwarai kuwa. Hinde ta ɗago ta dube su, ta sake cewa, "Nawa ne."

Matashin ya ɗaga waya ya ɗauki kafet, ya ɗauki talabijin, ya ɗauki har lemon. Sannan ya fita wurin Sale ya tambaye shi yaya aiki. Sale ya ce Alhamdu lillahi. Ya ce abin da yake samu yana isar su? Sale ya ce Alhamdu lillahi, sai godiya. Matashin ya ce, "Malam, duk muna godiya. Eh ko a'a nake so." Mazan gidan biyu suna tsaye a wurin, ɗaya yana alwala ya dakata yana saurare. Sale ya dube su, ya ce, "Eh."

Da suka fito na bi matar har soro da ɗingishina, na faɗa mata komai. Ta ce, "Inna, tun daga ƙofa na sani. Ba wannan ne ɗaki na farko ba. Amma masu zaɓa ba su zo nan ba, hoto za su gani." Ta dubi agogonta. Ta ce, "In ta yarda a kwashe kayan yanzu, a sake ɗauka, zan jira."

Na koma da sauri, na ja Hinde bayan labulen aron nan, na faɗa mata. Na ce ga dama ta dawo, ɗaki ne fa, ga yara, ga damina tafe.

Ta ce, "Inna, a gaban mutanen nan? A fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallo, baƙi na tsaye? Bayan na ce nawa ne? Gobe da wane ido zan fito ɗiban ruwa?"

Na ce, "Da idon da kike da ɗaki."

Ta girgiza kai. Na fita wurin Sale, na ce ya yi mata magana, shi ne mai gida. Ya dubi ƙofar, matan nan ba wadda ta motsa, Hajiya Binta har tana gyara zaman labule. Ya ce, "Ki bar ta, Inna." Ma'aikaciyar ta daɗe tana jira a soro, sannan ta shiga mota. Kafin la'asar kaya sun koma gidajen masu su. Lemon ma ba a buɗe ba, aka mayar wa mai shago.

Da sakamako ya fito babu Sale a ciki. Ba zan yi ƙarya ba, wasu mabuƙata na gaskiya sun samu. Akwai wata bazawara mai suyar awara da ta ce ita kunya ba ta taɓa biya mata haya ba, ta buɗe musu ɗakinta har da bokitin tarar yoyo, aka ba ta. Akwai kuma ƙanin wani mai shago da ya kwashe firji da kujerunsa ya kai ɗakin maƙwabci, ya shimfiɗa yagaggiyar tabarma, ya sa yaransa suka tuɓe riga. Shi ma aka ba shi. Wannan ba wanda ya yi masa waƙa. A benci cewa aka yi yaron akwai wayo.

Labarin ɗakin Hinde kuwa ya fita, amma a juye ya fita. Da kunnena na ji Alhaji Garba yana cewa, "Ba na faɗa muku ba? Nan kusa da ni, mai kafet da talabijin da fanka ya je neman a biya masa haya. Su ne talakawan naku!" Benci ya ɗauka da salati.

Na je wurin mai gidan su Sale na roƙe shi ya ƙara musu lokaci. Ya ce ai ɗaya daga cikinku ya riga ya kawo masa wani, ta waya, har ya ga hoto ya yaba. Na baza kunne ko'ina, daga Tarauni har Unguwa Uku, ban samu ɗakin da Sale zai iya kamawa ba. Abin da na samo ƙango ne can bayan Hotoro, ginin da ba a ƙarasa ba, mai shi yana neman wanda zai zauna ya tsare masa bulo. Ɗaki ɗaya ne aka yi wa rufi, tagoginsa buhu aka kafa. Na kai igiyata, amma ban ma warware ta ba.

Ranar tashi da safe Sale ya kawo adaidaitarsa ƙofar gida. Katifa aka naɗe aka ɗaure a sama. Tabarma, kurfoti, tukwane biyu, bokiti, buhun tufafi, da allunan yara. Na zo karɓar makulli. Alhaji Garba yana benci da rediyonsa, ya bi kayan da kallo, ya ce wa tela, "Ka gani? Ina kafet ɗin? Har sun ɓoye shi."

Na ce, "Alhaji, ba su ɓoye ba. Yana falonka, a kansa ka karya kumallo. Hajiya ce ta ara mata."

Ya sauke rediyon, ya dube ni. Na zaci zai yi shiru. Sai ya juya wurin mutanensa ya ce, "To kun ji kuma. Ashe har da ƙarya. Irin waɗannan ake so a ɗauki dukiyar jama'a a ba?" Suka gyaɗa kai, mai wanki da guga ya fi kowa gyaɗawa.

Hinde ce ta fito ƙarshe, sai da ta share ɗakin tas. Ta bi matan gidan ɗaya bayan ɗaya tana neman gafara. Hajiya Binta ta leƙo daga ƙofarta, Hinde ta ƙarasa ta durƙusa har ƙasa.

Ta ce, "Hajiya, na gode da kika rufa mini asiri ranar nan. Allah ya rufa naki."

Hajiya ta ce, "Haba 'yar nan, ba komai. Ai amfanin maƙwabtaka ke nan."

Hinde ta miƙo mini makulli, ta shiga baya ta ɗora ƙaramin yaron a cinya, sauran suka matsu a gefen tukwane. Sale ya ta da babur. Na zauna a dakalin gidan ina hutar da gwiwa, ina jiran ya dawo sawu na biyu in taya su lodi. Sai da rana ta take na leƙa ɗakin, na ga babu abin da zai dawo ɗauka.